Kason Baba a Bashin Ƙasa

Mutumin da ya yi maganar nan a rediyo ban san fuskarsa ba har yau, amma da zan gamu da shi a kasuwar hatsi ta Gadarif, wallahi sai na riƙe masa wuyan jallabiya na tambaye shi wa ya aike shi. Cewa ya yi bashin da ƙasashen waje suke bin Sudan, in aka raba shi a kan mutane, kowa yana da kasonsa a wuya, tsoho da yaro, har jaririn da aka haifa da safiyar nan. Shi dai ya faɗa ne don maganarsa ta yi armashi, ya naɗe takardunsa ya tafi shan shayi. Mu ya bari da rigima, domin mahaifina yana zaune a rumfar gidanmu da rediyo manne a kunne, kuma Baba ba ya jin magana ya bar ta ta wuce.

Shekarar ce ake ta zancen za a yafe wa ƙasar bashi. Masu bin bashin sun ce za su yafe, amma da sharaɗi: gwamnati ta janye tallafin mai, ta kuma saki kuɗinmu, jine, ya nemi darajarsa da kansa a kasuwa. Aka janye, aka saki. Ni mai awo ne, a kan sikelin kasuwa na girma, saboda haka ba a rediyo na ji abin da ya biyo baya ba. Na gan shi a fuskar direbobin lori da suke kawo dawa daga Simsim suna zagin kuɗin man dizal tun kafin su sauko. Na gan shi a hannun matan da suke zuwa sayen kwano biyu su koma da ɗaya. Farashin safe daban, na la'asar daban.

Baba bai ga wannan ba, don yanar ido ta rufe masa gani, ya daina fita sai masallaci, shi ma a riƙe. Ni da Inna, mahaifiyata, muka haɗa baki muna rage masa labari. In ya tambayi kuɗin sukari, mu faɗa masa na bara.

Abu uku Baba yake taƙama da su a duniya. Na farko, bai taɓa cin bashi ba. A nan akwai abin da ake kira shel: ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi da damina, da kaka ya zo ya kwashe hatsi a farashin da ya ga dama. Duk maƙwabtanmu sun shiga sun fita, wasu ba su fita ba. Baba kuwa akwai daminar da muka yi muna cin abinci sau ɗaya a yini, bai miƙa hannu ba. Na biyu, akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya noma don ya tara na ƙarasawa, ya mutu yana tarawa. Ɗansa ma haka. Baba ya ɗauki niyyar ya ce shi zai ƙarasa, kowace kaka in ya sayar da riɗi sai ya jefa wani abu a akwatin. Na uku, matmura, wato ramin da muke binne dawa a bayan gida. A haƙa shi da zurfi, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba hatsi, a sake rufewa da ƙaiƙayi da ƙasa, sai ya shekara biyu ko uku bai lalace ba. Dokar gidanmu ita ce ba a buɗe shi don kuɗi, sai don ciki. A waccan shekarar, abin da ke cikin ramin nan shi ne abincinmu har kaka, mu tara, da matata da 'ya'yana da ƙanwata da mijinta ya rasu.

Ranar da aka yi maganar nan a rediyo, na dawo gida cin abincin hantsi, ban ko wanke hannu ba ya kira ni.

"Kai, zo nan. Nawa ne nawa?"

"Naka na me, Baba?"

"Na bashin. An ce kowa da kasonsa. Kai da kake lissafi a kasuwa, nawa ya faɗo kaina?"

Na fashe da dariya. Allah ya sani na yi dariya har da tafa hannu, na ce, "Haba Baba, ai magana ce irin ta 'yan rediyo. Wa zai zo ya tambaye ka?" Shi bai yi dariya ba. Ya juyo da fararen idanunsa wajen muryata ya ce, "A nan ba wanda zai tambaye ni. A can fa?" Ya nuna ƙasa da sandarsa.

Daga nan barci ya ƙaurace wa gidanmu, da abinci ma. Lissafin Baba a miƙe yake, kuma abin haushin shi ne ba ka iya kama shi da ƙarya. An ci bashin da sunan mutanen ƙasa. Shi mutumin ƙasa ne, yana da takarda. Mai bashi ba ya tafiya Hajji sai ya sauke nauyin da ke kansa, in kuma ya mutu da shi ransa a rataye yake. To shi ba zai taɓa kuɗin akwati ba, na Ɗakin Allah ne. Saura me? Saura rami. A tone dawar, a sayar, a kai kasonsa inda ake karɓa, a kawo masa takardar shaida, sannan ya tafi Makka da wuyansa wasai.

Na ce, "Baba, ai sun ce za su yafe."

Ya ce, "Sun yafe?"

"Suna hanya."

"Ni ma ina hanya. Wa ya san wanda zai riga isa?"

Na kawo masa limamin unguwarmu, ina tsammanin zai kashe maganar da kalma ɗaya. Malam ya sha shayinmu, ya ce bashin hukuma yana kan hukuma. Da ya tsaya nan da na sumbaci rawaninsa. Amma sai ya ƙara da cewa wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, in ya yi taka-tsantsan ya fi. Shi ke nan. Baba ya jefar da rabin farko ya rungume na biyu.

Sai na ce to bari na nuna masa da idonsa, ko in ce da kunnensa, cewa babu ma inda ake karɓa. Na ɗauko raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, na sa shi a ciki da farar jallabiyarsa ta Juma'a, muka je wani ofishin kuɗi na hukuma. Muka yi layi tare da masu biyan harajin shago. Da muka isa taga, Baba ya yi sallama, ya ce da Larabcinsa mai ƙamshin Hausa ya zo biyan kasonsa na bashin ƙasashen waje. Ma'aikacin, wani siriri mai ƙaramin gashin baki, ya dube ni, ya dubi Baba, ya kira na kusa da shi. Kafin ka ce me, an taru mutum biyar ana kallonmu, wani yana rufe baki da fayil.

Amma siririn nan bai yi dariya ba, kuma ina ganin girmansa har gobe. Ya fito daga bayan taga, ya kawo wa Baba kujera, ya ce, "Ya Hajj, babu wannan tagar. Ba mu da takardar da za mu rubuta maka. Bashin nan an ci shi tun ban shiga makaranta ba, yawancinsa ma riba ce ta hau kan riba. Ni kaina ban san me aka saya da shi ba."

Baba ya ce, "Ba Alhaji ba ne tukuna, ɗana. Abin da ya kawo ni ke nan."

A raksha muna dawowa na ce, "Ka ji ko? Babu taga." Ya ce, "Rashin taga ba ya sauke bashi. In babu mai karɓa, a sayar a yi sadaka da niyyar masu shi." Masu shi! Mutanen da suke zaune cikin sanyi a ƙasashen da ko sunansu Baba bai iya faɗa ba, su ne za a yi wa sadaka da tuwon 'ya'yana? Na ciji leɓe na yi shiru, don a cikin raksha muke, kuma direban ya riga ya baza kunne.

Bayan kwana uku na dawo daga kasuwa da azahar na tarar da baƙi a bayan gida. Baba ya aika maƙwabci ya kira wani dillalin hatsi, shi kuma ya zo da leburori biyu da fartanya da tarin buhuna. Dillalin na san shi sarai, irin masu jin ƙanshin matsuwar mutum tun daga bakin titi. Ya riga ya yi wa Baba farashi, farashin da Baba ya ji ya yi murna, don da lissafin bara yake auna shi. Ko rabin na ranar bai kai ba.

Abin da ya hana su fara haƙa Inna ce. Ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a kan tudun ramin, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora faranti a cinya tana tsinar wake kamar a nan take yi kullum. Shekarunta da Baba ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, a haƙa. Amma da ni za a fara." Leburorin suka jingina da katanga suna kallon ƙasa.

Baba yana tsaye da sanda. Ya ce, "Tashi, baiwar Allah. So kike a binne ni da kayan mutane?"

Na juya kan dillalin na fara da shi, don shi ne mai sauƙi. Na ce, "Kai, ba ka ji kunya ba? Makaho za ka yi wa awon bara? Kwashe buhunanka kafin na ƙirga uku, in ba haka ba gobe duk kasuwa sai ta ji, daga layin riɗi har layin gyaɗa." Ya ce shi kiransa aka yi. Na ce to yanzu korarsa ake yi. Ya tattara ya fita yana gunaguni, leburorin na binsa.

Saura ni da Baba. Ya ce, "Ka kori baƙona a gidana."

"Na kore shi."

"Gobe zan kira wani."

Kuma na san zai kira. Zan tafi kasuwa, Inna ba za ta kwana a kan rami ba, wata rana za a tone. Abu ɗaya ne kawai zai tsayar da shi, kuma shi ne abin da na shekara ina ɓoyewa. Duk lokacin da ya sa na ƙirga masa kuɗin akwati ya tambaye ni ko sun kusa isa, sai na ce saura kaɗan, Baba, kaka ɗaya ko biyu. Ƙarya nake yi. Inna ta san ƙarya nake yi. Na dube ta a kan tabarma, ta gane abin da zan yi, ta girgiza mini kai. Na kau da ido.

Na shiga ɗaki na jawo akwatin, na kawo shi rumfa, na zaunar da Baba na ɗora masa a cinya. Ya buɗe, ya shafa ƙullin takardun da ya ɗaure da zare, ƙulli ƙulli, kowanne da shekararsa a kansa.

Na ce, "Baba, shekara nawa kana tara wannan?"

"Tun kafin a yi maka kaciya."

"Da ka fara, na kaka nawa ake buƙata a je a dawo?"

Ya faɗa.

"To yau duk abin da ke cinyarka ba zai kai ka Makka ba. Ba zai kai ka bakin teku ya dawo da kai ba. Wallahi Baba, in na shiga kasuwar dabbobi da shi, raguna kaɗan zan koro. Na yi maka ƙarya, na daɗe ina yi. Sukarin da muke gaya maka, ƙarya ne. Maganin hawan jininka, zoben matata ne ya saye shi wancan watan."

Hannunsa ya tsaya a kan kuɗin. Ya ce, "An sata?"

"Ba a taɓa ko ɗaya ba. Ƙirga ka ji, suna nan cif. Darajarsu aka zare. Ta daɗe tana zuba a hankali, da aka zo zancen yafiyar nan kuma masu bin bashin suka ce sai an saki jine tukuna. Aka sake shi ya faɗi. Ba wanda ya shigo ɗakinka, ba wanda ya fasa kwado, amma an kwashe."

Daga nan bakina ya ɓalle, ban iya tsayar da shi ba. Na ce kana neman taga, Baba? Tagar ta zo har ƙarƙashin gadonka ta karɓa. Ta karɓa a gidan mai, ta karɓa a gidan burodi, ta karɓa a wurin mai magani. Kai da ba ka taɓa cin shel na kwano ɗaya ba, wa ya zo ya yi shawara da kai ranar da za a sa hannu? Wa ya ce maka ga abin da aka ciwo, ga rabonka? Hanyar gonarka har yau in ruwa ya sauka jaki ma nutsewa yake yi a laka. Ruwan da muke sha a bayan amalanke muke saye. In an ci bashi, waɗanda suka ci su fito su biya, sun san kansu, gidajensu suna nan da bene. Waɗanda suka bayar kuma sun san hannun da suka damƙa wa, ba makafi ba ne. Amma riɗin shekara da shekaru da ka yanka da hannunka sun karɓa, ko takardar shaida ba su ba ka ba, yanzu kuma ka ce a ƙara musu da dawar jikokinka? Na rantse da Allah ba za a tone ramin nan ina numfashi ba. In saɓa maka ne, na saɓa, ka yi mini baki in ka ga dama.

Ban taɓa yi wa mahaifina magana haka ba. Ina gamawa na durƙusa a gabansa ina kuka kamar ba ni ne mai 'ya'ya ba. Inna ta taso daga kan ramin da kanta, ta zo ta tsaya a bayansa.

Baba ya mayar da hannu cikin akwatin. Yana ta shafa ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, yana juya su. Aka kira la'asar bai motsa ba, shi da yake riga ladan tashi. Can ya rufe akwatin a hankali ya ce, "Ashe ba zan je ba."

Sai ya ci gaba da cewa:

"Kakana bai je ba, ubana bai je ba. Su guzuri ne ya gaza musu. Ni na tara nawa ya cika." Sannan ya ce, "Kai, mai awo. In mutum ya karɓi abin da ya fi haƙƙinsa, wa ke bin wani?"

Na ce, "Wanda aka karɓar wa."

"To a bar ramin. Kawo mini buta."

Ba a tone shi ba sai da lokacinsa ya yi, muka ci har kaka. Yafiyar da aka yi ta yi mana alkawari kuwa, ba a je ko'ina ba al'amuran mulki suka rikice, masu bin bashi suka ce sun dakata. Tallafin bai dawo ba, jine bai tashi ba, bashin yana nan inda yake. Baba ya ji wannan ma a rediyo, ya kashe ta ya miƙa wa ƙanwata, bai sake neman ta ba.

Bai yi mini baki ba, amma bai ƙara sa ni ƙirga masa komai ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Har yau ina tambayar kaina ko da akwai wata hanyar da zan tsare dawar ban karya masa zuciya ba. Ban samo ta ba. In aka mayar da ni ranar, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Da damina ta zagayo ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya ya sa aka tara mu, muka gane sallama ce. A wurinmu mai tafiya yakan nemi gafarar kowa, shi ma ya yafe wa kowa, don ya tafi babu nauyi. Ya nemi gafarar Inna, ya nemi ta ƙanwata, ya nemi tawa, ni da ya kamata na nemi tasa. Sannan ya fara yafewa. Ya yafe wa maƙwabcin da ya ci masa iyakar gona, ya yafe wa makiyayan da suka taɓa sakar masa shanu a riɗi, ya yafe wa dillalin nan ma da sunansa. Ya kama hannuna ya ce ƙaryar da na yi masa da gaskiyar da na faɗa masa, duka ya yafe.

Inna ta sunkuya kusa da kunnensa ta ce, "Malam, ka ce ka yafe wa duk wanda kake bi, na kusa da na nesa."

Ya kau da kai gefe.

Ta sake cewa, "Malam, don Allah. Ka tafi da sauƙi."

Ya ce, "Na yafe wa kowa. Ban da waɗanda suka ci Hajjina, da masu ci da masu bayarwa. Su ban yafe ba. Mu haɗu a can, inda akwai mai karɓar ƙara."

Inna ta yi ta roƙonsa har rana ta ɗaga. Bai janye ba.